Daga Mudun Kukawa Zuwa Kasuwar Litinin: Tarihin Haƙƙin Jama'a a Kan Mai Dukiya a Maiduguri

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya tumbatsa, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru, ya shiga fadar Shehun Borno da Kasuwar Litinin da asibitin koyarwa na jami'a. Rabon Maiduguri da ambaliya mai kama da wannan tun 1994. Ruwan bai gama janyewa ba attajirai da bankuna da kamfanoni suka fara sallama a gidan gwamnati, kowa da abin da ya riƙo. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya ba da naira biliyan 1.5, su Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u da Muhammadu Indimi suka kawo nasu, jaridu suka yi ta buga hotuna. A ofisoshin Legas da Abuja ana kiran irin wannan aiki haƙƙin al'umma a kan kamfani, kuma 'yan boko da dama sun ɗauka tunani ne da aka yi safararsa daga Amurka a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Tarihin Borno bai goyi bayan wannan zato ba. Tun kafin a aza harsashin Yerwa, wato Maiduguri ta yau, mutanen Borno sun san jama'a na da haƙƙi a kan mai dukiya, kuma haƙƙin a kan ƙafa biyu yake tsaye: yadda aka tara dukiyar, da yadda aka kashe ta. Abin da shekaru ɗari da 'yan kai suka yi shi ne suka ƙosar da ƙafa ta biyu, ta farko kuwa ta shanye. Yau muna yaba wa kamfani kan abin da ya bayar ranar musiba, mun daina tambayarsa yadda yake awo da biyan lada a sauran kwanakin shekara. Wannan rubutu bin sawun yadda aka kai ga haka ne.

Tsohuwar shaida tana can Masar. Masanin tarihi al-Maƙrizi ya ba da labarin makarantar Ibn Rashiƙ, ta mazhabar Malikiyya, wadda aka gina a tsohuwar Alƙahira cikin shekarun 1240, zamanin sarkin Kanem Mai Dunama Dibalami, da kuɗin alhazan ƙasarsa. Mutanen Kanem sun ci gaba da aika mata kuɗi, ɗalibansu da matafiyansu na sauka a cikinta. Arzikin da ya gina ta daga fataucin Sahara ya fito, ta hanyar da ta ratsa Bilma da Kawar zuwa Fezzan da Tarabulus. Abin lura shi ne siffar da alherin ya ɗauka: gini mai tsayawa da kuɗin riƙe shi, irin abin da fiƙihu ke kira waƙafi, wanda ke ci gaba da aiki bayan ƙasa ta rufe idon mai bayarwa. A ƙarshen ƙarni na 16 kuma, cikin abubuwan da ake tuna Mai Idris Alooma da su, ban da yaƙe-yaƙe da masallatan jan bulo, har da ƙarfafa alƙalai da daidaita ma'aunin hatsi. Sarki mai bindigogi da dawaki ya ga cewa mudu ma aikin mulki ne. Da Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya kafa Kukawa a 1814, kasuwarta ta zama mahaɗar Kanuri da Hausawa da Shuwa da Larabawan arewa. Turawa matafiya Heinrich Barth da ya iso a 1851 da Gustav Nachtigal da ya biyo baya a 1870 duk sun siffanta babbar kasuwar da ke ci ranar Litinin, inda ake ciniki da gabaga da wuri da gursun azurfa. Har yau babbar kasuwar Maiduguri sunan wannan rana take amsawa.

Me ya riƙe gaskiya a kasuwar da ba banki, ba takardar yarjejeniya? Bafataken da ya taso daga Kano da tufafi ko goro ba ya faɗawa kasuwa kai tsaye. Yana sauka gidan fatoma, kalmar da Hausa ta aro daga Kanuri, ma'anarta mai gida. Fatoma ke ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni idan an sayi kayan bashi, sa'annan ya karɓi la'ada. Jarin fatoma sunansa ne. Ranar da aka ce kayan baƙo sun salwanta a gidansa, ranar ayari ya canja masauki. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. A cikin gidan kuma akwai yaran gida, waɗanda ke shekaru suna hidima da tafiye-tafiye, ubangida ya yi musu aure, ya sallame su da jarin da za su tsaya da ƙafarsu. Sama da wannan al'ada akwai shari'a. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanta littattafan fiƙihu irin su Risala ko Muhtasar ya ratsa babin ciniki: haramcin tauye mudu, da algus, da ɓoye aibin haja, da ɓoye hatsi don ya yi tsada, da cin kuɗin ruwa, da jinkirta ladan ɗan ƙwadago. Alƙur'ani ya sa wa sura guda sunan masu tauye awo. Zakka ma, ɗaya cikin 40 na dukiyar ciniki, ba a lissafa ta cikin kyauta, haƙƙin talaka ce da ke zaune a aljihun mai kuɗi. Tsarin ya yi aiki domin mai dukiya da wanda ya cuta ko ya kyautata wa sahu ɗaya suke bi a masallaci, maƙabarta ɗaya ke jiran su, kuma sarkin kasuwa da alƙali suna kusa.

Mai karatu na iya cewa wannan kwalliya ce ake yi wa zamanin da, kuma yana da hujja mai nauyi. A kasuwar nan ta Kukawa da ake tsoron tauye mudu, ana sayar da mutane. Bayi na cikin manyan hajojin da ke ƙetare Sahara, kuma Barth da kansa ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu a ƙarshen 1851, ya ga yadda ake ƙone ƙauyuka ana kamo mata da yara. Ba wanda zai kare wannan, kuma duk tarihin ɗa'ar kasuwanci da ya tsallake shi ya yi ha'inci. Sai dai darasin da ke ciki yana ƙarfafa maganarmu ne. Aibin tsohon tsari shi ne ya zana da'irar waɗanda ke da haƙƙi, ya bar wasu bayin Allah a wajenta, har ya mai da su haja. A cikin da'irar ana awo da gaskiya, a wajenta kuwa ba ka'ida. Ci gaban ɗa'a a ko'ina cikin duniya faɗaɗa wannan da'ira ne har ta ɗauki kowa. Kamfanin zamani ma da'irarsa yake zanawa: masu hannun jari a tsakiya, manyan ma'aikata a gefensu, sa'annan leburan wucin gadi da manomin da ke sayar masa da amfanin gona da unguwar da ke shan hayaƙinsa can a waje. Abin da ya kamata a ɗauko daga Kukawa shi ne ka'idar cewa ana yi wa riba hisabi tun daga inda ta fito, a kuma shimfiɗa ka'idar a kan duk wanda cinikin ya taɓa.

Rabeh, mayaƙin da ya mamaye Borno, ya rusa Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900, Ingilishi suka naɗa Shehu Abubakar Garbai, wanda ya tare a Yerwa a 1907. Sabon garin ya gaji tsofaffin 'yan kasuwa, sunayen unguwanni irin su Hausari da Fezzan shaida ne. Amma tare da Turawa wata halitta ta shigo wadda zauren malam bai san irinta ba, wato kamfani. A idon doka kamfani mutum ne: yana saye, yana sayarwa, yana kai ƙara, yana cin bashi. Sai dai ba shi da fuska, ba ya zuwa suna ko jana'iza, kunya ba ta kama shi. Masu John Holt suna Liverpool, masu CFAO suna Marseille, UAC da aka haɗa a 1929 kuwa na ƙarƙashin Unilever. Abin da suke nema a Borno gyaɗa ce da fata da ƙirgi da ƙaro, kuma da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 sai kayan suka samu hanyar teku, hanyar Sahara ta ƙarasa mutuwa. Haraji ya zama dole a biya shi da kuɗin Bature, saboda haka manomi ba shi da zaɓi sai ya kai kayansa kanti. Sikeli ya maye gurbin mudu, kuma sikelin a hannun mai saye yake. Farashi daga wata nahiya ake yanko shi, har manyan kamfanonin kan haɗa baki kan abin da za su biya, kamar yadda suka yi wa manoman koko a 1937 har manoman ƙasar da ake kira Gana a yau suka ƙi sayarwa. Nan ne ƙafar farko ta fara shanyewa. Wanda ke cin ribar gumin Borno ya koma inda idon Borno ba ya kai, duk igiyoyin da suka ɗaure fatoma babu wadda ta kai wuyansa.

Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta shiga tsakani. An kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, a 1954 aka mai da ita ta Jihar Arewa. Hukumar kan sayi amfanin gona a farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, rarar ta tafi asusun raya ƙasa. An yi hanyoyi da makarantu da kuɗin, amma an kuma dasa wani tunani: kula da jama'a aikin hukuma ne, ɗan kasuwa ya ji da cinikinsa. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, ya sami jami'a a 1975, ya zama babban birnin Jihar Borno a 1976. Dokokin mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sauya sunayen masu hannun jari ba tare da sun sauya ɗabi'ar kamfani ba. An kafa masana'antu irin su kamfanin fulawa da na jima da takalma na Neital, waɗanda suka ba matasa aikin albashi, kafin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rushe hukumomin sayen amfanin gona, ya karya darajar naira, ya durƙusar da masana'antu da yawa a Arewa. A wannan zamani ne tauraron manyan attajiran gari ya haska. Alhaji Mai Deribe, wanda ya rasu a 2002, ya shahara da kyauta da gidan da ya karɓi manyan baƙin duniya. Masallacin Indimi ya zama wurin da dubbai ke taruwa tafsirin azumi na marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam. Waɗannan mutane sun raya tsohuwar al'adar ubangida mai buɗaɗɗen hannu. Bambancin shi ne arzikin zamanin man fetur daga kwangila da rijiyoyin da ke can bakin teku yake zuwa, saboda haka hannun da ke bayarwa kaɗai gari ke gani. Sannu a hankali ma'aunin mutumin kirki a kasuwanci ya koma yawan kyautarsa.

A can ƙasashen da aka ƙirƙiri kamfani, su ma sun daɗe suna kokawa da halittar tasu. A 1953 Howard Bowen ya wallafa littafi kan nauyin al'umma da ke wuyan ɗan kasuwa. A 1970 Milton Friedman ya mayar da martani a mujallar New York Times cewa nauyin kamfani ɗaya ne, ya ƙara riba cikin bin doka. A 1984 Edward Freeman ya kawo ra'ayin masu ruwa da tsaki: ma'aikaci da mai saye da mai kawo kaya da maƙwabci duk suna da ta cewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da yarjejeniyarta da kamfanoni a 2000, da ka'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam a 2011. A Najeriya kuwa jini ne ya buɗe wa maganar ƙofa. Rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan uwansa takwas a ranar 10 ga Nuwamba, 1995, bayan gwagwarmayar Ogoni kan gurɓatar ƙasarsu, ya tilasta wa kamfanonin mai neman gyara sunansu. A Kano, gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi kan yara wajen 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, ya kai ga sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009, kodayake kamfanin bai amsa laifi ba. Duka al'amuran biyu kan yadda ake neman riba ne, amma amsar da ta fi yaɗuwa ita ce rijiyar burtsatse da ajin makaranta mai ɗauke da tambarin kamfani. Doka ma ɓangaren kuɗi ta fi kamawa: harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 na riba a 1993, wanda ya kai kashi 3 a 2023, da dokar man fetur ta 2021 da ta wajabta wa masu haƙar mai ware kashi 3 na kuɗin gudanarwarsu ga al'ummomin da suke aiki a cikinsu. Ƙudurin da Sanata Uche Chukwumerije ya kai majalisa don wajabta wa dukan kamfanoni irin wannan kaso bai zama doka ba, alhali Indiya ta wajabta kashi 2 a dokarta ta 2013.

Daga Yulin 2009 Maiduguri ta shiga jarrabawar ta'addanci wadda ba a cika ganin irinta ba. An ƙona turakun sadarwa a 2012, hukuma ta katse layukan waya na tsawon watanni bayan dokar ta-ɓaci ta Mayun 2013, bankuna suka rufe rassansu a ƙananan hukumomi, hanyoyin Baga da Bama da Gamboru Ngala da ke ciyar da kasuwannin gari da kifi da shanu da hatsi suka zama tarko. Bama-bamai sun tashi a Kasuwar Litinin fiye da sau ɗaya a 2014 da 2015, kuma bayan kowane hari 'yan kasuwa sun share jini sun sake buɗe rumfuna. Mutane sama da miliyan ɗaya suka kwararo cikin gari, kuma mafi yawansu ba sansani suka sauka ba, gidajen jama'a suka shiga. Mai shago da mai faci da dillalin shanu suka raba ɗaki da tukunya da dangi da baƙi, shekara da shekaru, ba mai ɗaukar hoto. Duk wanda zai rubuta tarihin taimakon da aka yi wa Borno ya fara da waɗannan, domin su ne magadan fatoma na gaskiya. A ɗaya gefen, shekarun sun tona asirin ƙafar da ta shanye. Shigowar ƙungiyoyin agaji ta ɗaga kuɗin haya har ƙaramin ma'aikaci ya rasa inda zai sa kansa, kayan tallafi sun riƙa ɓulla a kasuwa ana sayarwa, kuma mai gudun hijira da ba shi da zaɓi ya zama lebura mafi arha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kyauta ke gyarawa, domin cuta ce da ke faruwa a cikin cinikin kansa.

Manyan kyaututtuka sun zo, kuma rashin adalci ne a raina su. A Yunin 2018 Gidauniyar Ɗangote ta miƙa rukunin gidaje 200 a Maiduguri ga waɗanda rikici ya raba da muhallinsu, Gidauniyar Indimi ta gina gidaje a Bama. Bayan an karya turakun lantarkin hanyar Damaturu a Janairun 2021, gari ya shafe kusan shekara cikin duhu, masu walda da niƙa da ƙanƙara suka zauna, NNPC ya gina tashar wuta mai aiki da iskar gas mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Maris 2023. Gwauruwar da ta sami ɗaki ta san darajarsa fiye da kowane marubuci. Amma akwai darasi a labarin Asusun Tallafa wa Waɗanda Ta'addanci Ya Shafa, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa a Yulin 2014 ƙarƙashin Janar T.Y. Danjuma. A daren ƙaddamarwa an yi alkawarin sama da naira biliyan 50, amma shekara ta zagayo kaso mai yawa bai shiga asusun ba, har sai da shugabanninsa da fadar shugaban ƙasa suka fito suna neman a cika. Alkawari kaya ne, sai dai a tsarin da muke ciki ana karɓar yabo ranar da aka faɗa, ba wanda ke bin sawu ranar biya. Taimakon da ya dogara ga ganin dama yana bin inda kyamara take: yana yawa a makon ambaliya, ya ƙafe a watan da za a sake gina bango, kuma bai cika isa Kala Balge ko Abadam ba.

Almajiran Friedman za su ce: manajan kamfani wakili ne, kuɗin da ke hannunsa na masu jari ne, in ya yi sadaka da su ya ci amana, a bar shi ya biya haraji, gwamnati ta gina asibiti. Akwai gaskiya a nan wadda ya kamata mutanen Borno su riƙe. Gyaran madatsar Alau aikin hukuma ne, kuma ba daidai ba ne gudummawar attajirai ta zama mayafin da zai rufe tambayar yadda aka bar ta ta lalace. Kamfanin da ya kauce wa harajin biliyan ya ba da kyautar miliyan ɗari ya karɓe da dama abin da ya ninka wanda ya miƙa da hagu. Sai dai Friedman da kansa ya gindaya sharaɗi: riba cikin gasa ta gaskiya, ba yaudara, ba zamba. Wannan sharaɗi shi ne ƙafar farko da muke magana a kai, shi ne babin ciniki na Risala da wasu kalmomi. Ƙari a kan haka, ra'ayinsa ya ginu kan ƙasar da kotu ke aiki da sauri, mai duba ma'auni ke zagayawa, ma'aikaci ke da ƙungiyar da za ta tsaya masa. Inda waɗannan suka yi rauni, cewa "na bi doka" ba ta wanke kowa, domin dokar ba ta da idon da za ta gan shi. Kuma ribar kanta a kan zaman lafiyar gari take zaune. Shekarun da Maiduguri ta gani sun nuna abin da ke faruwa da jari idan gari ya cika da samarin da ba karatu, ba sana'a, ba ubangidan da zai sallame su. Ba kamfani ne ya haddasa rikicin ba, amma babu kamfanin da bai biya kuɗinsa ba.

Wasu kuma za su ce garin da ke fitowa daga yaƙi roƙon masu jari yake yi, in an tsaurara musu sai su nufi wani wuri. Wannan tsoro ya ɗauka cewa gaskiya a ciniki nauyi ce a kan ɗan kasuwa, alhali ita ce ke rage masa asara. Abin da ya sa bafatake ya yi tafiyar wata guda zuwa Kukawa da dukiyarsa shi ne ya san akwai gidan da zai ajiye ta ya same ta. Mai jarin kirki yana gudun kasuwar da buhu ba ya cika, taki da magani na jabu ne, bashi ba ya dawowa. Wanda ke neman inda ba a tambaya kuwa zuwansa ba riba ba ce. Abin da ake nema ma ba sabon haraji ba ne. Ana neman mudu da sikeli da famfon mai su faɗi gaskiya. Ana neman a biya lebura a kan kari, a ba shi magani in ya ji rauni a bakin aiki, kada a riƙe mutum shekara goma da sunan wucin gadi. Ana neman mai sayen ƙaro da riɗi da wake da busasshen kifi ya bar wa manomi da masunci abin da zai sa su koma gona da ruwa baɗi. Ana neman banki da kamfanin waya su koma garuruwan da jama'a ke komawa, domin wanda ya ci ribar wuri lokacin daɗi bai kamata ya zama na ƙarshen dawowa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi buhun shinkafar rabo tasiri, domin kullum yake aiki kuma ba ya mai da mutum mabaraci.

Ita ma ƙafar bayarwa tana bukatar gyara, kuma maganin na cikin tarihinmu. Kyautar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya tsawon ransa ne tsawonta, in ba a mai da ita waƙafi ba: kadara mai kawo kuɗi, da amintattu, da lissafin da ake karantawa a bainar jama'a. Rukunin shaguna da aka tsayar don riƙe asibiti ko makarantar koyon sana'a zai yi aiki a shekarar da ba ambaliya, ba 'yan jarida. Gobarar da ta cinye Kasuwar Litinin a ranar 26 ga Fabrairu, 2023, ta nuna wani giɓin. Gwamnatin Babagana Zulum ta sake gina kasuwar, amma hajar da ta ƙone ta dubban mutane ce waɗanda ba su da wata kariya sai jiran tallafi. Inshorar takaful, wadda aka gina kan taimakekeniya kuma hukumar inshora ta ƙasa ta fitar mata da ka'idoji tun 2013, 'yar uwar adashi ce da kowace 'yar kasuwa ta sani. Ƙungiyoyin kasuwa da bankuna na iya kawo ta rumfa-rumfa. Waɗannan ƙungiyoyi, na 'yan kifin Tashar Baga da na Kasuwar Shanu da na 'yan hatsi, su ne suka fi kusa da kujerar sarkin kasuwa ta da, kuma suna da ikon da hukuma ba ta da shi: sun san kowa da sunansa. Malamai ma na da rabonsu, domin mumbarin da ke yawan kiran mai kuɗi ya yi sadaka ya kamata ya riƙa karanta masa babin ciniki daidai gwargwado. Gudummawar musiba kuwa a riƙa buga ta sau biyu, ranar alkawari da ranar cikawa, tare da inda kowace naira ta tafi.

Shekaru kusan 800 ke tsakanin makarantar Ibn Rashiƙ da ambaliyar Alau. A tsawon wannan zamani Borno ta ga fatoma da kantin Bature, ta ga hukumar gyaɗa da attajirin man fetur, ta ga gidauniya mai tambari. Kowane sauyi ya ƙara nisanta mai riba daga idon wanda ribar ta fito daga guminsa, kuma kowane ƙarin nisa an cike shi da kyauta. Ba za a koma Kukawa ba, ba ma a son komawa. Abin da za a iya shi ne a sake gina idon da ya ɓace, da doka mai aiki, da ƙungiyar kasuwa mai hukunta nata, da lissafi a fili, da jama'ar da ke tambayar mai bayarwa nawa yake biyan masu gadinsa kafin ta yi masa addu'ar ƙarin buɗi. Mai Idris Alooma ya gina masallatai, ya kuma daidaita mudu, bai ga ɗaya ya wadatar ba tare da ɗayan ba. Maiduguri da ke sake gina kanta tana da masu gina masallatai da gidaje, Allah ya saka musu. Aikin da ya rage mata shi ne mudun.